Ashe ba injin zan zana ba

Na shiga digiri na biyu a fannin tsara injunan jirgin ruwa ina zaton zan koyi zana ƙaton injin nan da ke juya farfela. Ban yi mako biyu ba aka raba ni da wannan zato. Injin sayo shi ake yi daga kamfanoni irin su MAN (wanda ya koma Everllence a 2025) da WinGD, ya zo da littafinsa mai bayanin abin da yake so. Namu aikin shi ne zaɓen wanda ya dace da jirgin, sannan mu tsara duk abin da ke yi masa hidima: mai, ruwan sanyaya shi, man shafawa, wutar lantarki, da iskar tayar da shi, wadda ake tarawa a tankuna da matsin bar 30, wato kusan ninki 30 na matsin iskar da muke shaƙa.

Lissafin farfela ne ya fara birge ni. In kana son ninka gudun jirgi sau biyu, ƙarfin da kake bukata kusan sau takwas zai ninku. In kuwa ka rage gudu da kashi 10 cikin 100, bukatar ƙarfi ta sauka da kusan kashi 27. A kan lissafinka kuma sai ka ɗora rarar kusan kashi 15, saboda igiyar ruwa da dattin da ke manne wa jikin jirgi.

Inda na sha kashi shi ne tsarin sanyayawa. Na ɗauki zafin ruwan teku a digiri 25, na gama komai tsaf, na kai wa malamin da ke duba aikina ina jin kaina. Ya duba shafin farko kawai ya ce, "Jirgin naka a wane teku zai yi aiki?" Na ce, "Ko'ina, Malam." Ya miƙo min takardun. A ƙa'ida, jirgin da zai shiga ko'ina ana lissafa masa ruwan teku mai zafin digiri 32, iskar ɗakin inji kuma 45. Lamba ɗaya na canza, amma sai na'urar sanyaya ruwan ta girma, famfuna suka bi ta, bututu suka ƙara faɗi, wutar da famfunan ke ja ta ƙaru har janareton da na zaɓa ya gaza. Ya gaza ne kuwa a daidai yanayin da ake duba shi, wato idan ɗaya daga cikin janaretocin jirgin ya mutu, sauran su ɗauki nauyinsa. Mako uku na yi ina warware abin da na saƙa. Tun daga nan ba na buɗe kwamfuta sai na rubuta a takarda duk lambar da na ɗauka da inda na samo ta.

Dokoki kuwa haddarsu ba ta da daɗi, amma su ke juya zane. Daga 1 ga Janairun 2020 Hukumar Sufurin Teku ta Duniya ta sauko da iyakar farar wutar da aka yarda ta kasance cikin man jirgi daga kashi 3.5 cikin 100 zuwa 0.5. Baƙin mai mai kauri, wanda ya fi yawan farar wuta, sai an dafa shi ya haura digiri 100 kafin inji ya sha, shi kuwa dizal mai tsabta in ya yi zafi sai ya tsinke ya ƙi shafe famfon mai. Dole tsarinka ya iya sauyawa daga wannan zuwa wancan sannu a hankali.

Gab da kammala kundina na samu shiga ɗakin injin wani jirgin dakon kaya. Na nuna wa babban injiniyan zanena, wani dattijo mai ƙarancin magana. Lissafin ko kallonsa bai yi ba. Ya ɗora yatsa a kan famfon ruwan teku ya ce, "Yaro, ranar da wannan ya lalace a tsakiyar teku, ta ina za mu fitar da shi?" Na duba, ashe na kewaye shi da bututu ta kowace kusurwa. A daren na matsar da bututu biyu, na zana ƙarfen rataya ƙugiya a samansa.