Talata: amfilifayar ɗan Agadas

Ban gama share teburin aiki ba sai ga wani matashi ya sauko daga adaidaita sahu, shi da abokinsa suna kinkime da amfilifayar jita. Daga yadda suka sunkuya na gane mai kwalba ce, wato irin wadda kwalaben gilashi ke ƙara wa sauti ƙarfi a cikinta, don irin wannan nauyi sai taransifoma biyu na ƙarfe. Bayan mun gaisa ya ce shi mutumin Agadas ne, kiɗan jita yake yi a wuraren biki, a Kwatano wani ɗan'uwansa ya saya masa ita gwanjo.

"Baba, gurnani take yi tun kafin in taɓa jitar," in ji shi. "In ta ɗau zafi kuma sai sautin ya riƙa yankewa. An ce mini kwalaben sun mutu, ba a samunsu, gara a fitar da kayan cikin a sa na zamani."

Maganar nan ta sosa mini rai. Na sha ganin kaya masu kyau da aka kwashe cikinsu haka, alhali ba wanda ya ɗora musu mita ko sau ɗaya. Na ce masa, "Ɗana, ka bar ta har la'asar. Kada ka sayi komai sai na auna."

Kirar Amurka ce, wat 40, sifika ɗaya mai inci 12. Manyan kwalabe biyu 6L6, ƙanana uku 12AX7. Ita 6L6 tun 1936 kamfanin RCA ya fito da ita, kuma har yau ana ƙera ta a Rasha da Sulobakiya da Sin, don haka zancen ba a samu bai taso ba. Tsada ce dai da jira. A bayan akwatin an rubuta bolt 120. Yaron yana da ƙaramar taransifomar rage wuta, Allah ya taimake shi bai taɓa jona ta kai tsaye a 230 ɗinmu ba.

Da na cire murfin baya, ƙura ce cunkus da saƙar gizo. Abin da na fara gani fis ne da wani ya naɗe da zaren waya. Na cire shi na sa na gaske. Yaron shagona ya miƙa hannu zai goge allon da kayan wutar ke liƙe a kai, na riƙe masa wuyan hannu.

"Oga, ai ba a jona ba."

"Ko an zare ta daga bango, kondensocin nan masu tara wuta suna iya riƙe bolt sama da 400. Tsaya ka gani."

Na sauke cajin ta cikin rezista, yana kallon mita har lambar ta sauko ƙasa. Na maimaita masa dokar da maigidana ya koya mini: in wuta na ciki, hannu ɗaya a aiki, ɗaya a aljihu. Kuma ba a kunna amfilifaya mai kwalba ba tare da sifika a jone ba, don taransifomar fitar da sauti ce za ta biya bashin, ita ce kuwa mafi wuyar samu a duk akwatin.

Na kunna ta ta cikin ƙwan fitila mai zare wat 100 da nake jerawa a layin wuta. Ƙwan ya haska ya koma ja-ja, alamar babu inda wuta ke gajarcewa. Kwalaben biyar duk suka yi ja a hankali. Babbar wutar da ke ciyar da kwalaben ta tsaya kusa da bolt 430. Sai gurnanin ya taso, ko an murɗa sauti zuwa sifili yana nan daram. Wannan kaɗai ya wanke jitar da wayarta. Wutarmu tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, bayan an miƙar da ita ta riƙa bin hanya ɗaya sai bugun ya koma 100, kuma wannan ƙugin na 100 shi kondensa ke shanyewa in tana da lafiya. Na haska tocila: bakin babbar ya kumbura, wani farin gari ya bushe a gindinta.

Mai 47 maikurofarad, bolt 500 ake buƙata, kuma babu ita a layinmu. Na ɗauko biyu masu 100 a bolt 350, na jera su, na ɗora wa kowace rezista 220k don su raba wutar daidai. Hakan ya ba ni 50, da ƙarfin ɗaukar bolt 700. Ƙananan na 22 ma na canza su, tunda sa'o'in juna ne. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, muka yi azahar, muka tayar da janareta.

Yankewar sautin ita ta ci mini lokaci, kuma ita ce aikin da na fi jin daɗinsa. Na bar ta ta ɗau zafi, na ɗauki tsinken tsire busasshe ina ƙwanƙwasa kaya ɗaya bayan ɗaya. Ƙananan kwalabe shiru. Wayoyi shiru. Da na taɓa gindin babbar kwalba ta hagu sai sifika ta yi ƙaras, sautin ya ɓace, na sake dannawa ya dawo. Na kashe, na sauke caji, na kifa allon ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ga shi nan: dalmar ƙafafu uku ta tsage, kowace da siririn zobe kewaye da ita kamar faso a diddige. Shekaru na ɗumi da hucewa, ga jijjigar sifika, ga hanyar Kwatano zuwa Kano. Na tsotse tsohuwar dalma, na zuba sabuwa a duk ƙafafun takwas, na yi wa ta dama ma. A nan kusa na ga rezista 470 ta ƙone gefe, na sauya ta da 'yar'uwarta.

Sai daidaita wutar da manyan kwalaben ke ja in ba a kiɗa. Na sa kowace a miliamfiya 35. A bolt 430 wannan wat 15 ke nan, rabin wat 30 da irin wannan kwalba ke iya ɗauka. Wasu masu gyara sun fi son a ɗaga, wai sautin ya fi kauri. Ni ban yarda da haka a ƙasar zafi ba. Taransifomar wutar da ke cikin akwatin nan don wuta mai bugu 60 aka naɗa ta, a 50 ɗinmu dama tana ƙara ɗumi, sannan a filin biki janareta ce za ta ciyar da ita.

Bayan la'asar ya dawo da jitarsa. Ya jona, ya tsaya yana sauraro, ya ce, "Baba, ka kunna kuwa?" Na nuna masa jar fitilar. Ya fara kaɗawa a hankali, sannan ya ƙara ƙarfi, sautin ya buɗe ya yi wannan 'yar gardamar da masu jita ke biyan kuɗi dominta. Mai shayin maƙwabta ya bar tukunyarsa ya leƙo. Na bar shi ya yi ta kiɗa har akwatin ya yi zafi sosai, ko sau ɗaya bai yanke ba.

Kwalabensa biyar duk nasa ne na asali. Na ƙirga masa kuɗin kondensa da rezista da fis da ladan hannu, ya ce bai kai rabin abin da aka nema a wurinsa don a kwashe cikin ba. Na ce ya sayi sitabilaiza kafin bikin Asabar, ya nisanta bayan akwatin da bango don iska, in ya tashi tafiya Agadas kuma ya zare manyan kwalaben ya naɗe su a rawani. Ya ce in nema masa 6L6 guda biyu na ajiya. Gobe zan kira mai kawo mini kaya daga Legas in ji farashi.