Kafin ka ajiye alli saboda kyamara

Ƙannena masu sha'awar fim, ranar da aka ba ni matsayi a wani shiri mai dogon zango, ban ko kwana ba na rubuta takardar ajiye aikin koyarwa. Hedimasta ya riƙe takardar, ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Malam, ka bari a gama zangon karatun nan mana." Na yi masa dariya. Bayan wata bakwai mai ɗaukar nauyin shirin ya janye. Ta bakin mai kwalliya ma na ji labari.

Daga baya na san tarihin Otis Young, sai na ga ashe abin ba a kaina farau ba. Baƙar fata ne ɗan Amurka. A 1968 tashar ABC ta sa shi a shirin kaboyi mai suna The Outcasts, kafaɗa da kafaɗa da wani jarumi farar fata, Don Murray. Shi ne Jemal David, tsohon bawa da ya koma farautar masu laifi don lada bayan yaƙin basasa, abokin tafiyarsa kuma tsohon mai bayi ne daga Bajiniya. Kafin shi, wani baƙar fata, Raymond St. Jacques, ya shiga shirin kaboyi mai suna Rawhide a 1965, amma cikin yaran shiri. Young kuwa jarumi ne, rabin labarin nasa ne. Ku duba shekarar da kyau: a watan Afrilunta aka harbe Martin Luther King, jagoran fafutukar neman 'yancin baƙar fata a Amurka.

Duk da haka kashi 26 aka yi, a 1969 aka rufe.

Bai rasa basira ba. A 1973 ya fito tare da Jack Nicholson a fim ɗin The Last Detail, aka yaba masa, amma manyan matsayi ba su biyo baya ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ya yi bayan nan. Ya koma karatu, ya zama fasto, sannan ya koyar da wasan kwaikwayo da fasahar magana a wata kwaleji a Rochester, jihar New York. Ya rasu a 2001. Wato shi daga gaban kyamara ya nufi aji, ni kuma ajin na yi wa kallon hadarin kaji.

Idan furodusa ya kira ka, tambaye shi kashi nawa aka riga aka biya kuɗinsu, ba nawa ake fatan yi ba. A rubuta maka a takarda. Nemi hutu a wurin aikinka, ko ka roƙa a sa fitowarka Asabar da Lahadi. Ana yarda, ni ne dai girman kai ya hana ni tambaya.

Shekara biyu na yi ina zarya kafin wata makarantar kuɗi ta ɗauke ni, a kan rabin albashina na da. Ranar farko wani yaro a bencin baya ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ba kai ne ɗan sandan nan na talbijin ba?"