Talata: tirelar Alhaji da kekuna huɗu

Hazo ya sauko sosai yau, ko gadar Binuwai ba a hange. Wuta ta zo da asuba, ta tafi kafin hantsi. Dogo bai zo ba, wai haƙori.

Tirelar Alhaji ce ta cinye mini yini, wannan mai ɗakin kwana da ya sayo ta Duwala. Hutu ya zo, yana so ya ja ta da Hilux zuwa gandun dajin Binuwai, su sauka a masaukin baƙi na Buffle Noir, a dawowa su ratsa ta Lagdo. Yara suka ce ƙafarsu ƙafar kekunansu. To mai ita na farko ya ɗaure wani bututu mai kusurwa huɗu a bambar baya, irin mai inci 2 ɗin nan da ake zura kariyar keke a ciki, wato ƙarfen da ake jera kekuna a kai, sai Alhaji ya ga ai magana ta ƙare. Ya zo da kariya sabuwa fil a kwali, mai cin keke huɗu, ya ce in zura, in bi da walda ta ƙara ƙarfi, zai aiko direba bayan la'asar.

Na ce ranka ya daɗe, bari mu duba tukuna. Na ƙwanƙwasa bambar da sifana, ta amsa kamar gwangwanin madara. Faɗinta santimita 10 ne kowane gefe, ido ya ga ƙarfe, amma kaurin bangonta bai wuce milimita 2 ba, cikinta kuma fayau. Masu ƙera irin wannan tirela ta Amurka sun yi ta ne don a cusa tiyon zubar da ruwan datti, da ɗaukar taya ta safaya in ta matsa. Guntayen walda biyu ne kawai suka riƙe ta da shasi. Kariyar keke kuwa ba a kan bamba take zama ba, tana miƙewa baya fiye da rabin mita, don haka nauyin murɗa bambar yake yi, ba danna ta ba. Ga shi wutsiyar tirela ta fi ko'ina tsalle, saboda sifirin kawai ke gare ta, babu shakazoba. Rami ɗaya a hanyar Ngawundere ya isa ya ninka nauyin nan sau biyu ko uku na ɗan lokaci. Waldar ba ta cika ɓallewa ba. Ƙarfen da ke gefenta ne ke tsagewa kaɗan-kaɗan, tsatsa ta shiga, wata rana ya yage gaba ɗaya. In na ƙara walda a kan siririn ƙarfe, ƙona shi kawai zan yi.

Alhaji ya ce to a canza bambar mana. Na ce wannan mai sauƙi ne, babbar matsalar tana gaba. Na aiki Auta ya aro sikelin mai masara, muka sa katako a ƙarƙashin bakin tirelar daidai tsayin da take zama a kan ƙwallon Hilux, wato dunƙulen ƙarfen bayan mota da ake maƙala tirela a kai. Kilo 130. Da kayanta duka tana kai kilo 1,200, kenan ta ɗan haura kashi 10 cikin 100, kuma abin da ake so ke nan, tsakanin 10 da 15. Daga ƙwallo zuwa aksil, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyin tirela, mita 3. Daga aksil zuwa inda tsakiyar kekunan zai faɗa mita 2.4. Manyan kekuna biyu kilo 20 kowanne, na ƙananan yara 12-12, kariyar kanta 21, jimla 85. Tayoyi ne a tsakiya, duk abin da ka ɗora a baya ɗaga gaba yake yi. Na rubuta masa da alli a ƙasa: 85 sau 2.4, a raba da 3, ya ba da 68. Bakin tirela ya koma kilo 62, ko kashi 5 bai cika ba.

Ya ce, "Malam, ai sauƙi motar ta samu ke nan."

Nan ne na ji raina ya ɗan sosu, domin kowa haka yake ɗauka. Tirelar da bakinta ya yi sakayau lilo take yi. A gudun kilomita 40 ba ka jin komai, sai ka kai 70 ko 80, motar auduga ta wuce ka da iskarta, ko ka kauce wa rami, wutsiya ta tafi hagu, ta dawo dama da ƙarfin da ya fi na farko, ta fara jan bayan Hilux. Nauyin da ke can ƙarshe shi ke ƙara mata zafi. A gangara abin ya fi muni, tirelar ce ke tura mota. Direban da bai sani ba zai taka birki da ƙarfi ko ya bi ta da sitiyari, nan ake kifewa. Abin yi shi ne a ɗaga ƙafa daga totur, a riƙe sitiyari sak, a bar gudu ya mutu da kansa.

Alhaji ba ya rasa amsa. Ya ce zai jera jarkokin ruwa uku a gaba, masu lita 20, kilo 60 ke nan, an rama. Na ce da farko ba a kan ƙwallo za su zauna ba, mita 2 ne gaban aksil, kilo 40 kawai za su mayar. Na biyu, ruwan nan sha za a yi, a yi alwala, a yi wanke-wanke. Ranar dawowa jarkoki wayam, kekuna kuwa suna nan da nauyinsu. Ya yi shiru, ya ciro waya, ya nuna mini hoton wani Bature a Facebook da kekuna a bayan tasa. Na ce Alhaji, duba titin da ke ƙarƙashinsa. Takardar cikin kwalin ma na buɗe masa, masu kariyar da kansu sun rubuta cewa ta bayan mota ce, ba ta bayan tirela ba.

Ga abin da na ce zan iya yi. Manyan kekuna biyu su shiga bayan Hilux, a tsaye, a ɗaure da bel mai jan kai a kusurwa huɗu. Na yara su shiga cikin tirelar, daidai saman aksil, a juya kan keken ya bi jiki, a cire feda da sifana lamba 15, a raba su da tsohon bargo. Fedar hagu zarenta a juye yake, wajen da ake ɗaure noti nan ake kwance ta. Yara da yawa sun cinye zaren saboda wannan. Kyauta ne, ko sisi ba zai kashe ba.

In kuma lallai sai baya, to keke biyu, ba ƙari. A manta da bamba. A gitta bututu mai kaurin milimita 5 tsakanin ƙafafun shasi biyu, da faranti mai milimita 8 kowane gefe, bol M12 masu lamba 8.8 a ka, noti mai roba a ciki don kada girgiza ta kwance shi. Kariyar ta matso jikin tirela iyakar iyawa, a kashe mata wasa a cikin bututu, a ƙara bel biyu daga samanta zuwa shasi. A ɗaga ta sama, in ba haka ba za ta goge ƙasa a mashigar rafi. A mayar da safaya gaba, a sake hawa sikeli. Fitilun baya da lamba su fito fili, jandarmomi ba sa wasa da wannan. Kuma a tsaya a taɓa kowane ɗauri bayan kilomita 20 na farko, domin madubi ba ya nuna bayan tirela, keke zai faɗi ka yi tafiyarka ba ka sani ba.

Ya tambayi kuɗi, na faɗa. Ya ce zai yi shawara. Direba ya zo da la'asar, ya ja tirelar, ya ɗauki kwalin.

Inna ta aiko da kunun gyaɗa, ya huce kafin in waiwaye shi. Aikin ƙofar makarantar allo yana nan rabi, sai wuta ta dawo.

Da magariba Auta ya ce ya ga tirelar a wajen wani mai walda can hanyar kasuwa, ana ta tartsatsi a bambar. Ban ce komai ba. Ba Alhaji nake tunani ba, Hilux tana da ƙarfe. Mai babur nake tunani, wanda zai biyo bayansu da mace da goyo, a cikin hazon nan. Gobe da safe zan kira Kawu, shi kaɗai Alhaji ke jin maganarsa. Sai ranar Juma'a za su tashi.