Husufin rana a ranar da hadari ya haɗo

Alhamis, 1 ga Satumba 2016, Zariya

Tun bayan sallar asuba na san za a yi daga. Gabas ta haɗe baƙi ƙirin, ga iskar damina mai ƙanshin ƙasa. Husufi a watan Satumba ai sai addu'a. Na 29 ga Maris 2006 da rani ya zo, sama tas, har duhu ya rufe Katsina da Maraɗi. Na yau kuwa ragowa ce ta iso mana, don su Gabon da Tanzaniya da Madagaska ne za su ga rana ta koma zobe.

Duk da haka na hau saman bene, na kafa kyamara a kan ƙafarta, na ɗaure takardar tace hasken rana a bakin madubin da kyauron roba. Ban ga komai ba. An yi takardar ne don rana mai zafi, to da gajimare ya ƙaru a kanta sai allon ya zama baƙi wuluk. In cire ta kuma ina tsoro, don rana na iya ɓullowa ba sallama ta ƙona cikin kyamarar.

Wajen takwas da rabi gajimaren ya yi shara-shara. Na zare takardar, na rage hasken iya ragewa, idona a kan allo kawai. Sai ga ta fara sol, an cinye wajen rabinta ta gefen dama kamar yaro ya gatsi ƙosai, gajimare na ratsa ta yana wucewa da gudu. Na yi ta dannawa, hannu ɗaya riƙe da takardar. Da haske ya ƙaru in rufe, da ya dushe in buɗe.

A tsakar gida Inna ta ajiye roba cike da ruwa, yara sun kewaye suna leƙe. Na ƙwalla mata cewa ko ta cikin ruwan hasken yana illata ido, gajimare ma ba kariya ba ne.

"Kai da ka kafa mata ƙarfe fa?"

"Inna, ni a allo nake kallo."

"To sauko, an kira sallar husufi."

Na sauka. Raka'a biyu, kowace da ruku'u biyu, liman ya ja karatu sosai. Kafin mu sallame an fara yayyafi, na ruga na kwashe kaya.

Da daddare na zuba hotunan a kwamfuta. Yawancinsu toka ce zalla. Wanda na samu ta cikin takardar ya fito tsaf, amma bai burge ni ba, ko'ina a duniya haka zai fito. Na cikin gajimaren na zaɓa, har hasumiyar masallacin unguwa ta shigo ta ƙasa. Shi na tura wa Yaya a Kano, ya ce su can ma hadarin ne ya yi ta wasa da su.