Abin da buɗaɗɗun kayan karatu suka koya mini a ajin ɗaliban lafiya

Duk malamin da ke koyar da ɗaliban likitanci ko aikin jinya ya san wahalar samun zane mai kyau. Kana son nuna yadda jini ke zagayawa a zuciya, amma hoton da ya fi dacewa yana cikin littafin da mawallafinsa ya hana a kwafa. Wannan ya sa na rungumi kayan karatu masu buɗaɗɗen lasisi, wato izinin da mai aiki ke bai wa kowa ya kwafa ya rarraba kyauta, irin na ƙungiyar Creative Commons, wadda ta fitar da lasisinta na farko a 2002.

Yawancin mutane rashin biyan kuɗi ne ke jan hankalinsu. Ni kuwa damar gyara ce ta fi mini amfani. Littafin ilimin sassan jiki na OpenStax, shirin wallafa littattafan karatu kyauta na Jami'ar Rice a Amurka, malami na iya ɗaukar babinsa ya rage, ya ƙara, ya daidaita shi da manhajarsa. Sai dai a duba alamar lasisin tukuna. Idan akwai ND, ba a yarda ka canza abu ka rarraba ba, ko da fassara ce. NC ta hana kasuwanci da shi, BY kuma ta wajabta ambaton mai aikin.

Gyaran nan yana da muhimmanci a harkar lafiya. Littattafai da dama a jikin farar fata suke nuna cututtukan fata, alhali jan da kumburi ke yi ba ya fitowa haka a baƙar fata. Ɗalibin da bai taɓa ganin bambancin ba, zai iya kallon cutar ya wuce ta. Shi ya sa nake jinjina wa aikin da jami'o'in Ghana da Afirka ta Kudu suka yi tare da Jami'ar Michigan, inda malamai suka shirya darussa kan cututtukan da suke gani a asibitocinsu, irin su gyambon Buruli, suka sake su ga kowa.

Darasin da ya fi mini nauyi shi ne na majinyaci. Lasisi haƙƙin wanda ya ɗauki hoto kawai ya warware, bai shafi mutumin da ke cikin hoton ba. Kuma irin wannan lasisi ba a janye shi, duk wanda ya sauke abin ya ci gaba da amfani da shi. Matar da ta yarda a ɗauki hoton rauninta don ɗalibai su gani a aji, ba lallai ne ta yarda ya shiga intanet har abada ba. Dole a yi mata bayani dalla-dalla da harshen da take ji, a rufe fuska, a goge sunan da ke kusurwar hoton ƙashi. In ta ce a'a, magana ta ƙare.

Sai batun tsufan kayan karatu. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa yi wa yara masu zazzaɓin cizon sauro mai tsanani allurar artesunate maimakon kwinin, amma tsofaffin darussa na nan suna yawo, ana kwafa daga hannu zuwa hannu. Don haka duk abin da zan ba ɗalibai sai na gwada shi da ƙa'idar magani ta yanzu, in rubuta ranar da na duba a shafin farko, domin malamin da zai ɗauka bayana ya san daga ina zai fara bincikensa.