Abin da Rajistar Bakin Ƙofa Ba Ta Nunawa

Na daɗe ina aiki a laburaren wata jami'a da ke karkarar Jigawa, inda gonakin gero da riɗi suke farawa daga bayan katangar makaranta, kuma a tsawon wannan lokaci babu tambayar da ta tsaya mini a rai kamar wadda wani babban malami ya yi mini a zaman kwamitin kasafin kuɗi. Ya dube ni cikin mutunci ya ce, "Malam, yanzu da kowane ɗalibi yake da waya a aljihunsa, wace hujja za ka ba mu cewa kuɗin da ake kashewa a laburare yana amfanar ɗalibai?" Abin da ke hannuna a ranar shi ne jimillar waɗanda suka sa hannu a rajistar bakin ƙofa da adadin littattafan da aka ara. Na karanta musu, amma na san ban amsa tambayar ba, domin yawan masu shiga bai nuna abin da suka fita da shi ba.

Da na koma ofis sai muka zauna da abokan aikina muka buɗe wata rajista dabam, wadda ba a rubuta suna a cikinta, sai dai sashen ɗalibi da ajinsa da abin da ya zo nema, sannan a layi na ƙarshe a rubuta ko ya samu ko bai samu ba. Mun bar sunaye ne da gangan, saboda abin da mutum yake karantawa amana ce a wurin ma'aikacin laburare, kuma ɗalibin da ya san ana bibiyar sa ba zai faɗi gaskiyar buƙatarsa ba.

Abu na farko da rajistar ta nuna shi ne, da yawa daga cikin masu zuwa ba littafi ya kawo su ba. Haske suke nema da fanka da wurin cajin waya da kuma inda babu hayaniya. Da farko hakan bai yi mini daɗi ba, har sai da na ziyarci wasu ɗakunan haya a cikin gari na ga yadda samari suke cunkushe a ɗaki ɗaya, babu teburi, babu tabbacin wuta, ga zafin bazara. Daga nan na gane cewa kujera da haske su ma hidimar ilimi ce, kuma a kan wannan hujja na nemi a sa mana sola a babban zauren karatu. Haka kuma na lura cewa ɗalibai mata, musamman matan aure da suke zuwa daga ƙauyukan kusa, suna barin makaranta kafin magariba don su sami abin hawa, saboda haka tsawaita lokacin rufewa zuwa dare bai amfane su da komai ba. Sai muka yarda a riƙa ba su aron littattafan da aka keɓe don karantawa a cikin laburare kaɗai, daga yammacin Juma'a zuwa safiyar Litinin.

Abu na biyu ya fi damuna. Akwai littattafan da ɗalibi zai ce bai samu ba, alhali suna kan kanta. Mafi yawan 'yan aji ɗaya sun fito daga makarantun sakandaren da ba su da laburare, ko kuwa akwai shi amma kullum a kulle, kuma kunya tana hana su tambaya. Sun yi darasin amfani da laburare a babban zaure, sun haddace, sun ci jarrabawa, amma ba su taɓa ɗaukar lambar littafi sun bi ta zuwa wurinta ba. Na fara ɗaukarsu rukuni-rukuni zuwa gaban kantoci, ina nuna musu cewa a tsarin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka da muke bi, harafin S na aikin gona ne, Q na kimiyya, L na ilimin koyarwa, K na shari'a, BP kuma nan ake samun littattafan Musulunci. Nakan fara bayani da Hausa kafin in koma Turanci, kuma na ga yadda hakan yake buɗe bakin wanda da zai yi shiru ya fita.

Inda amfanin aikin ya fi bayyana shi ne wajen 'yan ajin ƙarshe masu rubuta kundin bincike. Ba zan manta da wani ɗalibin tsangayar aikin gona ba, ɗan wani ƙauye a fadamar Haɗeja, wanda yake bincike a kan kacala, ciyawar nan da take toshe hanyoyin ruwa tana cinye gonaki da wuraren kamun kifi. Ya san matsalar fiye da ni nesa ba kusa ba, domin gonar shinkafar mahaifinsa tana cikin waɗanda abin ya shafa, amma babinsa na biyu, wato na bitar rubuce-rubucen masana, duk kwafe-kwafe ne daga shafukan da ba a san marubutansu ba, kuma malamin da ke duba aikinsa ya mayar masa da shi har sau biyu. Na zaunar da shi a gaban kwamfuta na nuna masa AGORA, rumbun mujallun noma da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙaddamar a 2003, wanda shi da HINARI na fannin lafiya suke ƙarƙashin shirin Research4Life, mai bai wa cibiyoyin ƙasashe masu tasowa damar karanta mujallu kyauta ko a kan kuɗi kaɗan. Na koya masa ya nemi ciyawar da sunanta na kimiyya, wato Typha, da yadda zai faɗi ra'ayin marubuci da kalmominsa sannan ya ambaci mai shi. Da ya ga cewa masana sun yi rubutu a kan fadamar garinsu, sai ya ce, "Malam, ashe abin da ke damun Baba har a mujalla an rubuta shi." Wannan babi bai sake dawowa ba.

Da lokacin rubuta rahoto ya yi, na so in ce masu zuwa laburare sun fi cin jarrabawa, amma na janye, domin mai ƙwazo shi ne da ma yake kawo kansa, kuma ba zan iya rantsuwa cewa mu ne sanadin makinsa ba. Abin da zan iya tsayawa a kai shi na rubuta. Na ɗauko kundayen waɗanda suka halarci horonmu na kwatanta jerin manazartarsu da na kundayen shekarun baya a sashe ɗaya, na haɗa da shaidar malaman da suka duba su, sannan na jera littattafan da aka nema ba a samu ba. Wannan jeri ya nuna mini wani kuskure da na daɗe ina yi, wato zaɓar littattafai daga takardar dillalai maimakon buƙatar masu karatu. Tun daga lokacin, idan tallafin bunƙasa laburare na asusun TETFund mai tallafa wa manyan makarantu ya zo, ko kuma ana shirin zuwan tawagar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa don tantance kwasa-kwasai, wadda takan duba yawan littattafai da mujallu da kuma sabuntarsu, daga wannan jeri muke fara saye.

A zaman kasafin kuɗi na gaba na miƙa rahoton, kuma malamin nan da ya yi tambayar ya karanta shi a tsanake, sannan ya nemi in ware wa 'yan ajin ƙarshe na sashensa rana ɗaya a kowane mako. Ba duk abin da muka nema aka ba mu ba, kuma intanet ɗinmu har yanzu takan yanke a tsakiyar aiki. Rajistar tana nan a kan teburin bakin ƙofa, kuma a ƙarshen kowane zangon karatu nakan kwafe layin waɗanda ba su samu ba in aika wa shugabannin sassa.