Yadda muke haɗa baki da murya a watsa taro kai tsaye

Aikinmu ɗaukar bidiyo ne da watsa taro kai tsaye a Facebook da YouTube. Shagon yana Ringim, amma muna zuwa Taura, Garki, Babura, har ƙauyukan da sai an ɗaure waya a kan gora kafin a samu sabis. Tafsirin azumi, saukar Alƙur'ani, maulidi, ɗaurin aure, naɗin sarauta, duk muna yi. Kyamara kowa na iya saye. Abin da ya sa ake sake kiranmu shi ne a bidiyonmu bakin malam da muryarsa tare suke tafiya, tun daga bismilla har addu'ar tashi.

Mai kallo zai haƙura da hoto mai dishi-dishi, amma ba zai haƙura ya ji aya ta ƙare alhali bakin alaramma yana motsi ba. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta auna abin: idan sauti ya riga hoto da kamar milisakan 45 (milisakan dubu ne sakan ɗaya), mutum zai fara ganewa, idan kuma sautin ne a baya, sai ya kai wajen 125. Dalili kuwa mun saba. Sauti na tafiyar kusan mita 340 a sakan, don haka kana hango mace tana daka daga nesa, taɓarya ta sauka sannan ƙarar ta iso. Ƙara ta riga taɓarya, wannan ido bai taɓa gani ba.

Jinkiri iri biyu ne, kuma a nan ake gane wanda ya koyi aiki. Na farko tsayayye ne. Sauti na fitowa daga mikisa, na'urar da ake jona makirfo a cikinta, nan take, hoto kuwa sai ya bi ta kyamara, ya bi ta katin da ke shigar da shi kwamfuta, sai ya makara. Maganinsa tafin hannu. Nakan tsayar da yarona gaban kyamara ya tafa hannu da ƙarfi, mu naɗa, mu koma mu bi hoton firam-firam har inda tafukan suka haɗu, mu duba inda ƙarar ta yi tsini a layin sauti. Firam shi ne kowane hoto guda cikin jerin hotunan da ke haɗuwa su zama bidiyo. A firam 25 cikin sakan, kowane firam milisakan 40 ne. Idan huɗu ne tsakani, sai in riƙe sautin da milisakan 160 a OBS, manhajar da muke watsawa da ita. Shi ke nan.

Wannan tafin a Kano na koye shi, wajen maigidana, zamanin da ake ɗaukar biki a kaset ana juyewa a faifai. Ba ya barin ka taɓa kyamara sai ka gaji da naɗe kebul. Yakan kashe sautin talabijin ya ce in karanta bakin mai magana, sannan ya buɗe ya ce, "To, ɗan nan, wa ya riga wani?" Allah ya jiƙansa. Har yau da ido nake fara gane matsala kafin in duba lamba.

Jinkiri na biyun shi ne mugun, mai ƙaruwa. Ana farawa lafiya lau, bayan awa guda murya ta yi gaba ta bar baki. Tushensa saurin firam. Mu a Najeriya talabijin ɗinmu a kan 25 aka gina shi, saboda wutarmu na bugawa sau 50 a sakan. Amurka kuwa 29.97 suke tun 1953, lokacin da suka shigo da hoto mai kala. Na'ura ta aiko 29.97, manhaja ta ɗauka 30 ne cif, bambancin ɗaya cikin dubu ne kawai, amma a awa ya zama sakan 3.6. Tafsirin awa biyu, an wuce sakan 7.

Waya ta fi kowa rikici, domin ba ta tsayawa a sauri ɗaya. Haske ya ragu gab da magariba, ta sauka daga 30 zuwa 24 don hoton ya yi haske. Ta yi zafi a ranar Afrilu, ta fara zubar da firam. Sauti kuwa yana nan yana tafiyarsa. Abin ya fi muni idan an ce a jinkirta watsawa, kamar yadda wasu kwamitocin masallaci ke so, don a iya yankewa idan wani ya karɓi makirfo ya saki baki. In manhaja tana ƙirga jinkirin da yawan firam, a ce ta riƙe 50, to a saurin 25 sakan 2 ne daidai. Saurin ya faɗi zuwa 20, waɗannan 50 ɗin sun zama sakan biyu da rabi, sauti kuma yana kan 2. Shi ya sa mu da lokaci muke ƙirga jinkiri, kuma sai hoto da sauti sun haɗu sun zama abu ɗaya sannan mu jinkirta su tare.

Sauran ƙa'idar ba ma sassauta ta. Kowace kyamara a kulle take a 25, OBS ma haka, saurin naɗar sauti duk a 48,000 cikin sakan, ba a cakuɗa shi da 44,100. Inda hali ya yi, daga mikisa muke shigar da sauti cikin kyamarar kanta, su fito ta kebul ɗaya. Bidiyon waya da aka kawo mana a haɗa kuwa, sai ya bi ta manhajar HandBrake an daidaita saurinsa kafin ya shiga tacewa.

Sai ga wani Alhaji ya zo yana cewa, "Haba Malam, ɗan ƙanena ma da wayarsa zai yi min a rabin wannan kuɗin." Na ce, "Alhaji, Allah ya ba shi sa'a." Irin waɗannan yaran sun iya jan lamba a OBS, amma lamba ɗaya ba ta gyara jinkirin da ke ƙaruwa, ka gyara farko, ƙarshe ya lalace. Bayan biki sai a kawo mana a ce mu ɗinke, amarya na kuka a hoto, maroƙi na kirari a sauti. Masu sayar da kaya ma ba su bar mu ba. Katin shigar da hoto ne za a rubuta firam 60 ɓaro-ɓaro a kwalinsa, ka jona ka ga 30 ma da ƙyar yake kaiwa. Yanzu ba na biya sai na jona shi a kwamfutata a cikin shagon, mai kaya na hararata.

Wanda zai kira mu, ya ba mu awa guda kafin a fara taro, da wurin zama kusa da mikisa. A kuma gaya wa mai lasifika tun da wuri cewa za mu ja kebul daga wajensa, don wasunsu ba sa son a taɓa musu kaya. Janareto da batir namu muke zuwa da su.